Wai fostar baje kolin da ba a taɓa yi ba ce rataye a falonka?

Akwai wani yayi da ya cika Instagram da Pinterest yanzu a harkar kwalliyar gida, duk mai bin shafukan masu gyaran ɗaki ya san shi ko da bai san sunansa ba. Farin bango, kushin kalar toka ko kalar madara, ɗan tulun fulawa a gefe, sai firem biyu ko uku a jere, a ciki akwai zanen ganye shuɗi ko wasu da'irori ja da ruwan ɗorawa, a sama an rubuta MATISSE, sunan wani shahararren mai zane ɗan Faransa, da manyan baƙi, a ƙasa kuma sunan wani shago a birnin Paris da wata shekara, 1953 ko 1923 ko dai wata mai kama da haka. Fastocin baje kolin zane-zane ne na Turai, na ƙarnin da ya wuce. Can yayin ya faro, yanzu kuma ya fara shigo mana gidajen saukar baƙi na Abuja da falukan sababbin ma'aurata, har masu buga bana sun gane akwai ɗan abun samu a ciki.

Ni dai ba ni da matsala da mutum ya ƙawata bangonsa da su, suna da kyau wallahi, kuma sun fi wannan hoton ruwa mai gangarowa daga dutse da ake sakawa fitila a baya. Matsalata ɗaya ce, kaso mai yawa na abun da ake sayarwa da sunan tsohuwar fosta ba tsohuwa bace, kuma wannan ma da sauƙi, wasu baje kolin da aka rubuta a jikinsu ba a taɓa yinsa ba sam. Wani ne ya zauna gaban kwamfuta bara ko bana, ya ɗauko zane, ya ƙirƙiro sunan shago da adireshi da shekara ya manna. Kuma a ganina wannan ba ƙaramin abu bane kamar yadda masu sayarwa suke so mu ɗauka.

Bari mu fara da asalin abun, dan sai ka san na gaskiyan zaka gane me ake kwaikwaya. Fostar baje koli talla ce, ba wani abu ba. Za a nuna zanen wane a waje kaza daga ranar kaza zuwa ranar kaza, a buga takarda a liƙa a tagogin shaguna da gidajen shan shayi da bangon titi, baje koli ya ƙare a yage ta a zubar. Abun da yasa na Faransa suka fita daban shine wata maɗaba'a a Paris mai suna Mourlot, wadda iyalin Mourlot suka kafa tun 1852. Fernand Mourlot, wanda ya rasu a 1988, shi ya juya ta daga buga takardun kasuwanci zuwa buga fastocin gidajen tarihi na Faransa, kuma a 1937 ya buga fastoci guda biyu daga zanen Matisse da Bonnard dan wani babban baje koli a Petit Palais. Daga nan manyan masu zane suka fara zuwa da ƙafarsu. Picasso ya shiga maɗaba'ar a ƙarshen 1945 ya maida ita kamar gidansa, Chagall da Miró da Braque da Léger duk sun yi aiki a wajen.

Yadda suke bugun shine sirrin. Bugun dutse ne, dabarar da wani Bajamushe Alois Senefelder ya gano a 1796. Ana samun dutse mai faɗi a goge shi yayi sumul, a yi zane a kai da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, sannan a bi da tawada, tawadar ta kama inda maiƙo yake ta ƙi zama inda ruwa yake, a ɗora takarda a danne. Kowace kala dutsenta daban, in fosta tana da kala bakwai to sau bakwai takardar zata bi ta cikin inji kuma dole kowanne ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa. Shi yasa in ka ga ta gaske kalar tana da nauyi, shuɗin a cike yake ba ɗigo-ɗigo ba. Aiki ne na hannu da haƙuri, na mutanen da sunansu ko fitowa baya yi sosai, irin su Charles Sorlier da ya shekara da shekaru yana fitar wa Chagall kaloli, da Henri Deschamps da ya yi wa Picasso.

Sai kuma Aimé Maeght, ɗan kasuwar zane da ya buɗe shagonsa a Paris a 1945, kusan duk baje kolin da zai yi sai an buga masa fosta ta musamman, ga mujallarsa da ta fito daga 1946 har 1982. Shi yasa sunan Maeght ya cika fastocin Miró da Calder da kake gani. Picasso kuwa nasa labarin ya fi burge ni. Ya zauna a wani ƙaramin gari na masu ginin tukwane a kudancin Faransa, Vallauris, kuma shekara bayan shekara yana yi wa garin fostar baje kolinsu, a kan linoliyam yake sassaƙawa, wato irin ledar nan mai kauri ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, wani mai ƙaramar maɗaba'a a garin Hidalgo Arnéra ya buga. Mutumin da duniya take rububin zanensa, yana zaune yana yi wa maƙwabtansa tallan tukwane. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙe wani yanki na rayuwar garin a waccan shekarar.

To kaga inda darajar take. Ba a zanen kaɗai take ba, tana cikin rubutun. Ranar, adireshin, sunan maɗaba'a da aka sa da ƙananan baƙi a gefe. Takarda ce mai ba da shaida cewa ranar kaza a titi kaza mutane sun shiga sun kalli wannan aikin. Ɗauki fostar kurciyar Picasso ta taron zaman lafiya da aka yi a Paris a 1949, shekara huɗu da gama yaƙin duniya na biyu, in ka cire mata rubutun ai tsuntsuwa ce kawai. Ko ta Bauhaus, makarantar zane da tsara gine-gine ta Jamus, baje kolin 1923 a garin Weimar, wadda Joost Schmidt ya tsara. An riga an buga ta sai aka ɗage ranar buɗewa zuwa 15 ga Agusta, dole aka bi wasu da 'yar takarda aka liƙa sabuwar rana a kai. Wannan 'yar gyarar da aka manna ita ce irin abun da mai tara fastoci yake so, dan tana nuna mutane ne na gaske da suka makara da aiki kamar kowa. Shekara goma bayan nan, a 1933, matsin 'yan Nazi yasa makarantar ta rufe.

Yanzu je ka rubuta Bauhaus 1923 a kowace kasuwar intanet. Zaka ga ɗaruruwan zane, bakan gizo kalar ƙasa, da'irori masu laushin kala irin wanda ya dace da labule, duk an rubuta musu Weimar 1923, kuma mafi yawansu babu wanda ya taɓa ganinsu a Weimar. Haka na Matisse. Akwai ta gaske, shagon Berggruen da ke lamba 70 a titin Université a Paris ya nuna yankakkun takardun Matisse a 1953 kuma an buga fosta. Amma yau wannan suna da wannan adireshi an ɗora su a kan ganye kala-kala da ba a san iyakarsu ba, pink, ruwan ƙasa, kore, wasu ganyen ma ba Matisse ne ya yanka su ba, wani ne ya kwaikwayi salonsa. Ga kuma manhajojin AI sun shigo, cikin minti ɗaya zasu haɗa maka fostar da ko mai zanen ya dawo duniya bazai gane ta ba.

Na san amsar da za a bani, kuma amsa ce mai ƙarfi. Za a ce malam ai ado ne, waye ya damu, talla ce tun asali ba wani abun tsarki ba, kuma in aka ce sai ta asali to masu kuɗi ne kawai zasu rataya. Rabin wannan maganar na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sake bugu ba laifi bane ko kaɗan. Gidajen tarihi da kansu suna sayar da sababbin bugun tsofaffin fastocinsu a shagunan ƙofar fita, kuma Matisse da ya rasu a watan Nuwamban 1954, tun farkon 2025 ayyukansa suka fita daga haƙƙin mallaka a ƙasashen da suke lissafin shekara 70 bayan mutuwar mai aiki. Picasso dai da saura, shi a 1973 ya rasu. Wanda yake da dubu goma ya buga kwafi mai kyau ya sa a firem, Allah ya sanya alheri, ba wanda ya isa ya raina masa.

Abun kamar atamfa ne. Kowa ya san akwai Holan ta asali akwai kuma mai kama da ita, kuma babu kunya mace ta ɗaura mai sauƙin kuɗin tana sane, tayi kyau abunta. Rigima tana farawa ne ranar da ɗan kasuwa ya karɓi kuɗin Holan ya miƙo 'yar kwaikwayo yana rantsuwa. To a harkar fosta an wuce nan ma, dan har tambarin kamfanin da babu shi ake bugawa.

Ɗaya rabin maganar, wato waye ya damu, shi ne ban yarda da shi ba. In ka rubuta shekara da wuri a kan takarda to kayi magana ne, ka ce abu kaza ya faru. In bai faru ba ƙarya ce, ko da an yi ta da kala mai kyau. Kuma ƙaryar bata tsayawa a bango, hotunan suna komawa intanet, ɗalibi ya zo neman fostar Bauhaus dan aikin makaranta ya kwaso ta bogi ya sa a takardarsa, injin bincike ya ƙara tura ta gaba saboda ita aka fi dannawa, a hankali ta gasken ta nutse a ƙasa. Mu da muke kuka kullum a kan labaran ƙarya da tsofaffin hotuna da ake canza wa shekara a WhatsApp, ban ga dalilin da zai sa mu ce wannan ba komai dan kawai ya shiga da kalar kushin ba. Mai tsarawa yana iya yin zanensa a salon Matisse ya sa sunansa shi, ko ya bar shi ba rubutu, ba wanda zai ce masa kanzil. Amma ya san sunan Paris da tsohuwar shekara su ne suke sayar da kayan, shi yasa yake sawa.

Ko a cikin na gasken ma fa akwai hawa-hawa, kuma nan ne ake cin kuɗin mutanen da suka fara tarawa da gaske. Akwai wadda mai zanen da kansa ya zana a kan dutse dan wannan baje kolin, ita ce ta sama. Akwai wadda ƙwararren ma'aikacin maɗaba'a ya kwafo daga wani zane da izinin mai shi. Akwai wadda hoto aka ɗauka aka buga da injin zamani amma a lokacin baje kolin, ita ma tsohuwa ce ta gaskiya sai dai bata kai waɗancan kuɗi ba. Sannan wani abu da mutane da yawa basu sani ba, a 1959 Mourlot ya fitar da littafi mai ɗauke da ƙananan kwafin fastoci sama da 100, to 'yan kasuwa suna yanke shafukan ɗaya bayan ɗaya su sa a firem su ce bugun dutse na 1959. Ba ƙarya suka yi ba kai tsaye, amma ba ita ce fostar da aka liƙa a titi ba, shafin littafi ne, girmanta ma kaɗai ya isa ya gaya maka. Haka maganar sa hannu. Sa hannun da yake cikin bugun kowace kwafi tana da shi, wanda mai zanen ya sa da fensir bayan an buga shi ne yake ɗaga farashi zuwa dubban daloli, kuma shi ne aka fi yin jabunsa.

In zaka saka kuɗi mai nauyi, ka tambayi girman takardar da santimita ka gwada da abun da gidajen tarihi suka rubuta, da yawansu irin su MoMA na New York sun sa tarin fastocinsu a intanet kyauta. Ka nemi hoton bayan takardar da gefunanta. Ka ce a matso maka da kyamara sosai kan kala ɗaya, in ka ga ƙananan ɗigo a jere kamar raga to bugun injin zamani ne, in feshi ne barbaje to firinta ce ta yau. Ka duba ko an yi baje kolin ma tukuna. Mai sayarwa na kirki baya jin haushin waɗannan tambayoyin, wanda ya fara fushi ko ya ce wani na jira yanzu-yanzu, ka bar masa kayansa.

Wani dalilin kuma da yasa nake cewa mutum ya san abun da ya rataya, mu a gidajenmu da yawa ana kaffa-kaffa da hoton abu mai rai, kuma ina ganin hakan na cikin abun da yasa waɗannan ganyayyaki da da'irori suka samu karɓuwa, babu fuska babu ido, Hajiya in ta zo bazata ce a sauke ba. To amma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi bugawa, wannan shuɗin nan mai kama da guntaye da aka harhaɗa, jerin aikin Matisse ne na 1952 kuma mace ce zaune ba kaya. Mutum ya rataya shi saitin kujerar da surukinsa yake zama yana cewa ai zanen zamani ne ba ya nufin komai. Yana nufi mana.

Kuma labarin da ke bayan ganyen nan ya fi ganyen daɗi. An yi wa Matisse babban aiki a ciki a 1941, daga nan tsayuwa gaban allon zane ta zama masa wahala, yawanci yana gado ko keken marasa lafiya. Sai masu taimaka masa su shafa wa takardu fenti, shi kuma ya ɗauki almakashi yana yankawa, yana nuna musu inda zasu kafa a bango. Tsoho ne mai shekara tamanin da wani abu yana wannan aikin. Da gidan tarihin Tate Modern na Landan ya tara su a 2014 mutum sama da rabin miliyan suka je kallo. Wanda ya san wannan in baƙo ya tambaye shi menene wannan a bangonka yana da abun faɗa. 'Yan Barcelona ma da suka cika mana majalisu, nawa ne suka san Miró ne ya yi fostar cikar kulob ɗin shekara 75 a 1974, kuma shi ya yi ta gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya? In dai ado ake so mai ma'ana ga mai ɗakin, ai wannan ta fi ganyen da kowa yake da shi.

Akwai kuma abun da yake ɗan sosa min rai. Waɗannan mutanen da muke rataya sunansu, daga nahiyarmu suka ɗebi abu mai yawa. Matisse ya sayi wani ɗan sassaƙe na Kongo a Paris a 1906, ya je Aljeriya da Maroko, ya tara yadukan ƙabilar Kuba ta Kongo yana rataya su a ɗakin aikinsa. Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro a 1907 ya ga sassaƙen Afirka, zanensa ya canza. A 1972 an kai ayyukansa Dakar an baje su a zamanin shugaban Senegal Senghor. To mu namu fastocin fa? A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda yau duk littafin da zai yi maganar zanen zamani a Afirka sai ya ambace su. An buɗe Mbari, kulob ɗin marubuta da masu zane, a Ibadan a 1961, har Ibrahim El-Salahi na Sudan ya nuna aikinsa a wajen. An yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, Legas ta cika, Kaduna ta yi hawan daba. Duk waɗannan an buga musu takardun gayyata da fastoci da ƙananan littattafai. Wanda ya samu ɗaya a akwatin babansa ya samu abun da ya fi kwafin Paris nesa ba kusa ba, amma mu mun saba in takarda ta tsufa sai a ba mai ƙosai.

'Yan Ghana sun ga wannan da idonsu. Fastocin finafinai da masu fenti suke zanawa da hannu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, dan tallan gidajen kallon bidiyo, lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, yau masu tarawa a Amurka da Turai ne suke saye suna baje kolinsu. Fastocin finafinan Hausa na zamanin kaset da suka cika shagunan Kano, da fastocin baje kolin ɗaliban sashen zane na ABU da ake yi ana cirewa, hanyar da suke bi kenan in ba a samu masu ajiyewa ba. Kuma tarawar bata buƙatar dala, sau da yawa roƙa kawai zaka yi ranar da aka tashi a baka kyauta, da ranarta da wurinta a jiki, na gaskiya.

In kuma ka samu, ko ta Paris ce ko ta Samaru, dan Allah kar ka kai ta a yi mata laminatin, shi ke nan ka kashe ta, ba a cirewa. Kar a sa mata salatif ko gam. Ka ce wa mai firem ya sa kwali a gefe yadda takardar bazata taɓa gilashi ba, dan da damina laima tana taruwa a ciki ta manne, ya kuma rufe bayan da kyau saboda ƙurar hunturu da gara da kyankyasai. Bangon da rana take duka ta taga ba wajenta bane, ja da ruwan ɗorawa su suke fara koɗewa, kuma in sun tafi basa dawowa. Wannan bangon ka bar wa kwafin da ka buga a kasuwa, in ya koɗe ka sake buga wani.